Tunkiya da Jirgin Malam Guled

Da sunan Allah. Labarin Malam Guled zan ba ku, wanda ya koya mana Turanci, mu matan Somaliya na garin Wilma.

Shi ba malamin boko ba ne. A masana'antar yankan talo-talo ya tsufa, cikin ƙarar injuna. Da ya bar aiki, sai ya riƙa tara mu a ɗakin bayan masallaci ran Asabar, don mu ci jarrabawar zama 'yan ƙasa.

Yana da 'yar tunkiyar roba da ɗan jirgin ruwa, don a Turanci sunayensu kusan ɗaya ne a kunne. Sai ya juya mana baya, ke ki faɗi ɗaya, shi ya ɗaga abin da ya ji.

"Batulo, jirgi kika yanka da layya?" in ji shi.

"Malam, ai da ya fi naman nan arha," in ji Batulo. Mu yi ta dariya.

Bara sai ya fara ɗaga jirgi in an ce tunkiya. Injuna sun cinye masa kunne, shi bai sani ba. A wurinmu kuwa ba a gyara wa malami. Duk wadda ya ce ta yi kuskure, sai ta karkata baki tana ƙara murya har ya ɗaga daidai. Da haka Turancin ajin ya koma wanda shi kaɗai ke ganewa.

Batulo ta je jarrabawa, tana son ɗauko mahaifiyarta daga sansanin gudun hijira. Mai tambaya bai gane maganarta ba. Ta faɗi jarrabawar.

Ran Asabar ta tsaya a gabansa. "Malam, ka yafe mini. Ba ka ji."

"Me kika ce?"

Ba wadda ta yi dariya. Batulo ta nuna kunnenta. Ya daɗe yana kallon tunkiyar.

Na ce, "Ka juyo ka riƙa kallon bakinmu mana."

Ya ce, "'Yar'uwa, bakin da na lalata zan kalla?"

Ya ajiye tunkiyar da jirgin a tebur, ya sa takalminsa. Har yau suna nan, ba wanda ya karɓi ajin. Na aika masa sambusa, wato samosa, da azumi, ya aiko da godiya, bai zo ba. Uwar Batulo tana can tana jira.

Allah Ya buɗe kunnensa, Ya haɗa Batulo da uwarta.