Turken Masu Neman Mai

Masu neman mai sun iso Illela da fararen motoci da wayoyi masu tsawon da ban taɓa gani ba. Suka shimfiɗa su tun daga wajen Garu, suka ratsa gonaki har gefen Kalmalo, wai suna sauraron abin da ke ƙarƙashin ƙasa. In suka tayar da nakiya a rami sai ka ji motsin a tafin ƙafarka. Aka ce mana bisa mai muke kwana muna tashi. Har masu shayi suka zama masana fetur.

Ni ruwa nake nema. Iyaka na rufe, fataucin Ƙonni ya tsaya, ga mata da 'ya'ya biyu. Ni da Baba mun riga mun shirya haƙa rijiya a gonarmu mu yi albasar rani, kuma wuri ɗaya ne ke da danshi, wani ɗan kwari a gindin gawo. To duk faɗin ƙasar Allah, nan suka ga damar kafa turkensu: ƙarfe ne da aka dasa da siminti, an shafa masa jan fenti da lamba. Babbansu ya riƙe hannun Baba ya ce kada a haƙa komai taku hamsin kewaye da shi har su dawo, ya bar masa amana. Baba ya ce ya karɓa.

Suka naɗe wayoyinsu suka tafi. Rani ya zo ya wuce, wani ya biyo. Maƙwabtanmu suka haƙa nasu, ina ganin buhunan albasarsu na wucewa a kan amalanke, ni kuwa ina dako a tasha. Baba duk safiya sai ya je ya duba turken. Fentin ya koɗe, ya sayo wani ya shafa, ya kuma kewaye shi da ƙaya saboda shanun makiyaya.

Na ce, "Baba, mutanen ga ba su komowa."

Ya ce, "Su sunka hwaɗa maka?"

"Shekara huɗu fa ke nan!"

"To mi? Amana tana ruɓewa? Wanda yab ba ni shi ka amsar abinai."

Haushi ya kai ni Sakkwato, gidan da suka yi haya. Na tarar an mai da shi makarantar yara. Mai gadi ya haɗa ni da wani da ya yi musu tuƙi. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce irin turakun nan ba su ƙirguwa, alamar layin awo ce kawai, kuma inda aka sa ran haƙawa yana can nesa da mu. Na dawo da labarin da zafinsa. Baba ya saurare ni tsaf, ya ce direba ba shi ya riƙe hannunsa ba. Ranar na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, har yau yana ci mini rai. Ya ɗauki butarsa ya fita.

A rani na bakwai ya rasu. Bayan sadakar arba'in na saɓi diga na nufi gona. Sara uku turken ya tuge. Gindinsa bai kai kamu ɗaya ba. Wannan ɗan abin ne ya tsare mu shekara bakwai.

Gaba uku muka haƙa ruwa ya ɓullo, garai-garai, mai sanyi. Masu haƙa suna ta barka. Gugan farko ban sha ba. Na juye shi a butar Baba, na kai maƙabarta na yayyafa a kabarinsa, kuma har na dawo gida ban huce ba.