Ƙwallon Da Na Ce Ba Ta Shiga Ba

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mai facin taya ne a Kwanar Dangora, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma a ganina duk kudancin Kano babu wanda ya fi ni sanin ƙwallo. Ban taɓa buga wasan kirki ba, don ko gudun minti goma ba na iyawa, amma baki kam Allah ya ba ni. A gidan kallo ni ne mai gyara wa kociyoyin Turai tsarinsu, in faɗi wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a saka. Alƙalan wasa kuwa kashi biyu na raba su, ko makaho ko ɓarawo. Mutum ɗaya ne na rasa inda zan sa shi, kuma shi ne na cuta.

A yankinmu, idan an gama girbin masara da shinkafa, ƙauyukan da ke tsakanin Kwanar Dangora da Kafin Maiyaƙi sukan shirya gasa a filin wata firamare. Gidan gola turaku biyu ne na itacen turare da gora a sama, babu raga. Idan aka buga ƙwallo da ƙarfi ta wuce cikin 'yan kallo, sai gardama ta tashi, ta cikin turke ta bi ko ta waje. Wanda yake mana alƙalanci wani malamin firamare ne daga yankin Kiru, dogo siriri, furfura ta fara fito masa, amma yana bin matasa da gudu har a tashi. Ba ya tsawa. Idan ya busa usur zai faɗa wa ɗan wasa laifinsa a taƙaice, ya wuce. Na ga ranar da ya ba ɗan dagaci jan kati uban yana zaune a wurin, na kuma ga ranar da ya busa bisa kuskure, ya tsayar da wasa ya ce shi ne ya yi laifi.

Shi ya kawo maganin gardamar turke. Kowane gari zai ba da mutum ɗaya ya tsaya shaida, amma ba a gidan golan abokan hamayya ba, a gidan golan garinsu yake tsayar da shi. Dalilinsa shi ne, idan ɗan gari da bakinsa ya ce an ci su, babu mai sauran magana. Kafin a fara wasa zai riƙe hannun shaidun biyu a tsakiyar fili, ya ce a gaban kowa duk abin da idonsa bai gani ba maganarsu zai ɗauka, amana ce ya ba su. Mutane sun yi masa dariya da farko, amma shekara da shekaru abin yana aiki, domin kunya tana hana mutum yin ƙarya bayan an riƙe hannunsa a bainar jama'a.

Shekarar da garinmu ya kai wasan kusa da na ƙarshe, aka ce ni zan tsaya shaida tunda na fi kowa iya magana. Muka ci ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, kocinmu ya mayar da kusan kowa baya, abin da ni da kaina na yi sati ina ba shi shawara. Saura kamar minti uku a tashi, lamba tara na garin da muke karawa da su ya samu ƙwallo a cikin cunkoso ya sake ta ƙasa-ƙasa. Ta gaban ƙafata ta wuce, ta cikin turke, da tazarar da ta kai taƙi guda. Malam yana bayan 'yan wasa, bai gani ba. Ya taho da gudu ya tsaya a gabana ya tambaye ni. Na waiga na ga mutanen garinmu sun zuba mini ido, har da yayyena da masu kawo mini faci. Na ce ta waje ta bi. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya nuna bugun gola.

Ana busa tashi mutanen wancan gari suka cika fili. Ba ni suka nufa ba, don 'yan garinmu sun riga sun kewaye ni suna ɗaga ni sama. Malam suka yi wa ca. Aka yaga masa riga, wani ya jefe shi da hoge a goshi har jini ya zubo, ana cewa dama kakarsa 'yar garinmu ce. Ina kallo ya sunkuya ya ɗauki usur ɗinsa da ya faɗi, ya goge shi, ya tafi wurin babur ɗinsa. Bayan kwana uku kwamitin gasa ya zauna a zauren dagaci. Aka kira ni, na sake maimaita ƙaryata. Dattawan suna son su wanke Malam, suka yi ta ba shi hanya ya ce shaida ne ya ɓatar da shi. Ya ce a'a, shi ya busa, hukuncin nasa ne, kada a ɗora wa kowa. Don a kwantar da rikici sai aka karɓe alƙalancin daga hannunsa, aka kuma soke tsarin shaida. Mun je wasan ƙarshe aka yi mana uku da nema, ko kofin da na yi ƙaryar dominsa ba mu gani ba.

Shekara huɗu na yi da wannan abu a cikina. Alƙalan da aka riƙa ɗaukowa daga baya ba wanda ya gama gasa lafiya, har aka yi shekarar da ba a buga ba gaba ɗaya. A gidan kallo bakina ya mutu, abokai suna tsokanata wai aure ne ya ladabtar da ni. Sai wata ranar kasuwa da hantsi na ɗaga kai na ga Malam yana turo babur, tayar baya ta sace. Ya yi mini sallama da sunana, ya tambayi mahaifiyata da iyali, ya zauna a kan bencina kamar babu abin da ya taɓa haɗa mu. Na ciro tub ɗin tayar na tsoma a ruwa ina neman inda ya huje. Ban gama facin ba na durƙusa a gabansa na faɗa masa ƙwallon nan ta shiga.

Ya ce ya sani tun a filin, don ya ga golanmu ya ɗora hannu a ka kafin ma ya iso wurina. Na tambaye shi me ya hana shi ba da ci. Ya ce idonsa bai ga ƙwallo ba, zato kawai yake da shi, kuma ya yi alkawari a gaban gari biyu cewa maganata zai ɗauka, in ya karya ranar da bai ji daɗinta ba to dama can ba alkawari ba ne. Na ce to a zaure fa, me ya sa bai tona ni ba. Ya ce shi malami ne, ya koyar da rabin masu jifan nasa, ya san iyakarsu riga da hoge. Ni kuwa da sun san ni ne, a bakin titi nake sana'a ni kaɗai, kuma daga kaina abin zai koma faɗan gari da gari. Ya ce shi ya daɗe da yafewa, amma akwai mai haƙƙi, wato lamba taran da aka hana cinsa aka kuma mayar da shi maƙaryaci.

Na je har gona na samu wannan saurayi na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana. Na koma zauren dagaci na faɗi gaskiya a gaban mutanen gari biyun, na sha zagin da na cancanta. Dattawa suka tashi wakilai takanas su ba Malam haƙuri su roƙe shi ya dawo, ni ma na bi su ina murna, a zatona na gyara ɓarnata. Ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka kawo fura, ya yi godiya. Sannan ya ɗage wandonsa ya nuna mana gwiwarsa a kumbure, ya ce a bana likita ya hana shi gudu. Ashe shekarun nan huɗu su ne suka rage masa a fili, kuma ni na cinye su. Bai sake busa usur ba.

Abin da na koya shi ne, neman gafara yana wanke mutum, amma ba ya dawo wa wanda aka cuta da lokacinsa. Da na buɗe baki a zauren nan tun ranar farko, da kunyar sati ɗaya zan sha. Ina kira ga 'yan'uwana masu son ƙwallo, kafin ku zagi alƙali ko ku ɗaga masa hannu, ku tuna mutum ne mai ido biyu a tsakiyar mutum ashirin da biyu, kuma wataƙila laifin da kuke jifansa a kai na wani ne yake rufawa. Wanda kuma aka ba amana, ko ta tsayuwa a gindin turke ce, ya faɗi abin da ya gani a lokacin da faɗar za ta yi amfani. Ni na faɗi tawa bayan ta daina amfanar mutumin da ya fi kowa cancantarta.