Malam Sale, Wanda Yake Sa Sunansa a Ƙasan Takardunmu

Ina tashar mota a Azare da hantsi, ina jiran abokaina mu je karɓo takardunmu, sai maƙwabcin Malam Sale ya kira ni ya ce Allah Ya yi masa rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da na fara tambaya shi ne, "Wani ne ya taɓa shi?" Ya ce a'a, hawan jinin nan ne. Na ji ana faɗin wasu maganganu a gari. Ban gani ba, ba ni da shaida, don haka ba zan rubuta su ba.

Malam Sale mai buga takardu ne, shagonsa na jikin gidansa. Na san shi bayan na gama jami'a, lokacin da mu 'yan matasa muka fara raba takardu a kasuwanni muna tambayar inda takin da aka yi wa manoma alkawari ya shiga. Wasu shagunan sun ƙi mu. Shi kuwa ya karanta, ya cire tabarau, ya ce zai buga da boko da ajami, domin dattijon garin Disina ma ya karanta da kansa.

Yana da dokoki biyu. Ba ya buga aya ko sunan Allah a takardar siyasa. Yakan ce, "Gobe da ita za a ƙunshe ƙosai, jibi a taka ta." Ta biyun ita ce ta tsorata ni: dole takarda ta fita da suna a ƙasanta. Na roƙe shi kada a sa sunan kowa, saboda 'yan daba. Ya yi dariya.

"Nasiru, kai da digirinka kake rawar jiki haka? Takarda marar uba ba ta fita daga shagona. Idan babu suna, duk yaron da aka gani da ita shi za a kama. Bari su san ƙofar da za su buga."

Daga ranar, ƙasan kowace takarda akwai sunansa da unguwarsa. Kuma sun buga ƙofar. Ina cikin shagon ranar da wasu matasa suka zo a kan babura da gorori. Na maƙale bayan inji. Ya fita, ya gaishe su, ya tambayi ɗaya lafiyar mahaifinsa. Sun fasa allon shagon suka tafi. Da ya dawo ya kasa riƙe kofin ruwa. Ashe shi ma yana jin tsoro. Bai taɓa cewa ba ya ji ba.

Bayan sadakar uku, matarsa Hajiya Asabe ta sa aka kira ni soro. Ta nuna mini ɗaurin takardun da ya buga mana na ƙarshe, waɗanda za mu kai kasuwar Giade.

"Ɗan nan, ku kwashi abinku. Amma ka duba ƙasansu. Mai buɗe ƙofar ya tafi, ni da 'yan mata ne kawai a gidan nan."

Abokaina suka ce a yanke sunan a raba haka nan. Wani ya ce a ƙone su. Damina ta kusa, kuma manoma ba su ga taki ba. Daga baya na sa takardun a injin yankansa na datse ƙasan, na ɗauki biro na rubuta sunana da unguwarmu a kan kowacce. Rubutun ya karkace. An raba su a Giade. Mahaifiyata ba ta sani ba sai yanzu, kuma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi. Ba jarumi ba ne ni. Na dai kasa barin su fita babu suna, kuma ba zan bari su nuna gidan marayu ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Sale, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka amintar da shi daga tsoron ranar tsayuwa. Ka ba Hajiya Asabe da 'ya'yanta haƙuri, Ka tsare ƙofarsu daga duk mai zuwa da sharri. Mu da muka rage, Ka ba mu ƙarfin zuciya. Amin.