Tayin da Na Yi wa Fijon Wani Dattijo a Yelwa

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da huɗu, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma shekarata tara ke nan ina sayen matattun motoci a garin Bauchi, in sa a yanka, in sayar da ƙarfen. Mutane suna ce mana 'yan gwangwan, masu raini su ce bola jari, ni kuwa ko a jikina, don da gwangwanin nan na yi aure har na sayi fili. Ba yabon kai ba, na san aikina. In na zagaya mota sau biyu, na ƙwanƙwasa jikinta, na leƙa ƙarƙashi, zan faɗa maka nauyinta, kuma da wuya sikeli ya ƙaryata ni. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cin raina, na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ga wanda bai san sana'ar ba, kuɗin matacciyar mota ba a fenti yake ba. Za ka fara ƙiyasta nauyin ƙarfen, ka fitar da tayoyi da kujeru da gilasai tunda su ba sa hawa sikeli, ka buga da farashin kilo na ranar. Sai ka duba abin da zai sayu daban, kamar inji in bai buga ba, da giya, da lagireto, da batir, da wayoyin da ake ciro jan ƙarfe a ciki. Ka cire kuɗin janwe, wato motar da za ta jawo ta, da na mai yanka da gas, ka ware ribarka daidai misali, abin da ya rage shi ne tayin gaskiya. Haka maigidana ya koya mini, Allah Ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ne na koyi wani karatun a wurin abokai, wanda a tsakaninmu muke ce wa share fage. In ka ga mota mai tsoka, ba kai za ka fara tayawa ba. Sai ka tura abokinka ya je ya yi mata tayin wulaƙanci, bayan kwana biyu ka tura wani ya taya ƙasa da haka. Kafin ka iso mai motar ya riga ya sare, ya yarda kayansa shara ne, kai kuma da ka ɗan ɗaga sai ya ɗauke ka waliyyi. A lokacin ni wayo nake kiran wannan, har alfahari nake yi da shi.

Wani mai keke ne ya kawo mini labarin wata Fijo doguwa a Yelwa, a wani gida da ke bayan ɗakunan hayar ɗalibai. Na bi ta layin na hango ta ta saman katanga, a ƙarƙashin mangwaro, tayoyinta sun kwanta. Mai keken ya ce tsohon malamin firamare ne mai ita, Kirista ne daga kudancin jihar, shi da matarsa kaɗai a gidan, kuma har batir ya mutu duk sati sai ya tayar da ita. Da na ji haka na san injin lafiya lau yake. A lissafina, ko dubu ɗari huɗu da hamsin na biya, na fita da riba mai kyau. Sai na tura abokina na farko, ya je ya shuri taya, ya ce tsatsa ta cinye ta, ya taya dubu ɗari da ashirin. Na biyun ya taya ɗari cif, ya ƙara da cewa taimako ne ma zai yi, ya share musu tsakar gida.

A kwana na biyar na sa farar shadda na tafi da hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, ina Baba kaza Baba kaza, na gaishe da Mama, ta kawo mini ruwa na sha. Dattijo ne dogo mai natsuwa, da tabarau mai kauri, in zai dube ka sai ya karkata kai gefe. Ya zaunar da ni a benci ya ba ni tarihin motar tun daga ranar da ya saye ta. Sannan ya gaya mini dalilin sayarwar. Ya ce likita ya tabbatar masa yana da hawan jinin ido, sai an yi masa aiki a idanun biyu, kuma in aka ja lokaci jijiyar za ta mutu, ba gyara. Ya ce kusan dubu ɗari huɗu ake nema. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Abin da na raya a zuciyata shi ne, ai kowane mai sayarwa da tasa cutar, in ka biye wa labarin mutane sai ka koma gida da wando kawai.

Na zagaya motar ina girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Na ce waɗanda suka zo kafin ni ba su da tsoron Allah, ina ruwan mutum da wulaƙanta dattijo, ni zan ba da dubu ɗari da tamanin saboda girmansa. A hankali ya tambaye ni ko ba za ta kai ɗari biyu ba. Wallahi har yau ina jin kunyar abin da na yi a nan. Na rantse masa cewa faɗuwa zan yi, na ƙara goma kamar ana cire mini haƙori. Ya ce ya sallama. Da janwe ya zo Mama ta shige ɗaki don kada ta ga fitar motar, shi kuwa ya riƙe hannuna ya yi ta sa mini albarka, yana cewa har yanzu akwai mutanen kirki a kasuwa. Kafin sati ya zagayo na sayar wa wani bakanike injin kaɗai a kan kuɗin da ya zarce abin da na biya na motar dukanta. Na ba abokaina nasu kason, na saya wa matata atamfa, na manta da zancen.

Bayan shekara ɗaya da rabi sai ga wayar Mama. Ta ce maƙwabcinsu yana da tsohuwar bas zai sayar, Baba ya hana shi kiran kowa sai ni. Na tafi ina murna. Na same shi a kan bencin nan, ba tabarau. Na yi sallama, ya gane muryata nan take, ya yi fara'a, ya miƙo hannu, amma can gefe ya miƙa inda ba kowa. Mama ce ta ja ni bakin ƙofa ta gaya mini yadda aka yi. Kuɗin motar bai kai na aiki ba, sai suka ce bari a riƙa sayen maganin ɗigawa kafin amfanin gona ya zo daga ƙauye a cika. Maganin ya yi ta cin kuɗin wata bayan wata. Da suka haɗa abin da ake nema suka koma asibiti, likita ya ce an makara. Ta faɗi wannan ba ƙorafi, har tana gode mini, wai ba don ni ba da ko maganin ba za su samu ba. Ina tsaye Baba yana gaya wa maƙwabcin cewa ga yaron da ya cece shi daga hannun wasu azzalumai biyu.

Na yi wa bas ɗin tayin gaskiya, na koma gida na kasa cin abinci. Da matata ta matsa na gaya mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce in kuɗi kawai zan kai in ce kyauta ce, to ƙarya ta biyu zan yi, kuma sai ya sake gode mini. Kwana uku ina juya maganarta. A na huɗu na ɗauki cikon kuɗin motar har da ƙari na tafi, na zauna a ƙasa gaban bencinsa, na warware masa zance tun daga farko. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Waɗancan biyun, kai ka turo su?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗana, ido ya riga ya tafi, na fara sabawa. Abin da ya fi mini ciwo yau shi ne, na ɗauka cikin mutum uku da suka shigo gidana akwai ɗaya na kirki. Kullum da safe in muna addu'a da Mama sai na sa ka a ciki."

Ya ce wa Mama ta karɓi kuɗin tunda hakkinsa ne. Ya ce ya yafe mini don haka addininsa ya umarce shi, amma in yi haƙuri kada in sake zuwa sai zuciyarsa ta huce. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na bar share fage, har abokan nan biyu suka riƙa yi mini ba'a wai na zama liman. Na bar su da bakinsu. 'Yan uwana masu wannan sana'a, riba halal ce, ba wanda ya ce ka saya a faɗuwa. Amma kai ka san abin da mota za ta fitar, mai ita bai sani ba, kuma in ya gaya maka dalilin da ya sa yake sayarwa, to ka ji, ba ka da sauran uzuri. Ku kuma masu sayarwa, ku tambayi farashin kilo da kanku, ku sa bakanikenku ya yi wa inji da giya kuɗi daban, kuma kada ku yi saurin gode wa mai tayi na uku don ya fi na baya daɗin baki. Ni na mayar da kuɗin mota, amma abin da dattijon nan yake so ya saya da su ya riga ya wuce. Shekara biyu ke nan, in aiki ya kai ni Yelwa nakan tsaya a bakin layinsu in daɗe, har yau ban samu ƙarfin shiga in tambaya ko ya huce ba.