Damanar da Farashin Fata Ya Keta Zaren Kawu

Na manta fuskokin mutane da dama da munka yi cinikin fata da su, amma damanar da farashi ya keta zaren kawuna tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni kushewa.

Lokacin Turawa ke mulki. Ina sayen jar fatar akuya a kasuwannin Goronyo da Rimawa da Kagara, in ɗora wa jakai in kai wa kamfani a Sakkwato. Yayan mahaifiyata da ke Wurno shi ya koya mini sana'ar. Yana da wata ɗabi'a da mutane ke yi wa dariya. Duk mako in anka kawo labarin farashi, sai ya ɗauki gawayi ya ɗiga a bangon zaurensa. In fata ta yi tsada ɗigon ya yi sama, in ta yi araha ya yi ƙasa. Sannan ya kafa ƙaya biyu ya ɗaura zare, ya bi ta ƙarƙashin ɗigon da sunka fi sauka. Kusan shekara biyu zaren na hawa a karkace, kuma duk sanda farashi ya sauko ya taɓa shi sai ya koma sama. A nan muke saye. Mun samu alheri, har na fara ganin kaina gwani.

Wata rana da hantsi na isko shi tsaye gaban bangon, yana duban zaren. Na ce, "Kawu, mi ya faru?"

Ya nuna mini ɗigo uku a ƙarƙashin zaren. "Duba nan. Ya faɗo, ya yunƙura ya koma, zaren ya tare shi. Abin da ke hannunka kai ka sayar, ko ba riba."

Na ce, "Ai yanzu ta yi araha, Kawu. Yanzu ya kamata a saye."

Ya ce, "Da can zaren na tallabe da ita, yanzu ya koma bisa kanta. Ban san mi ke faruwa can ƙasar Turawa ba, amma wani abu ya sake."

Na yi masa sallama cikin ladabi, a zuciyata ina cewa tsufa ya sa masa tsoro. Na wuce gida na zauna gaban mahaifiyata, na yi ta lallashinta har ta yarda anka sayar da shanunta biyu da ta gada wajen mahaifinta, waɗanda nononsu ke riƙe da gidan. Ta ce kawai, "Ka shawarci yayana?" Na ce mun yi magana. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba.

Na cika ɗaki da fata ina jiran farashi ya tashi. Bai tashi ba. Mako na bin mako yana gangarawa, har akawun kamfani ya fara mayar da jakai da kayansu. Danshin damana ya shiga fatun, ƙwari sunka bi. Abin da ya tsira na sayar da shi a wulaƙance.

Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma kowace safiya sai in gan ta ta nufi turke da ƙwarya a hannu, ta tsaya, ta juyo. Ta rasu kafin in iya mayar mata da ko maraƙi.

Da na koma Wurno na durƙusa, Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zaren ga ba duba ba ne, gaibu sai Allah. Yana dai nuna maka ranar da ya kamata ka tsaya. Kai ma ka gani, so ne ba ka yi ba."

Tun daga nan na gane cewa ba rashin sani ke kashe ɗan kasuwa ba. Sau da yawa alamar tana gabansa ƙarara, kwaɗayi ne ke ba ta wata fassara. Kuma asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ka jawo wa wanda ya yarda da kai.