Tukunyar da Goggo Baiwa Ta Kushe

Ɗaliban injiniya da ke zuwa koyon aiki a shagon Adawiyya Kalilu, a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, duk sun haddace tambayarta. Ɗalibi zai kawo abin da ya ƙera yana washe baki, ya ce kowa ya yaba. Ita kuwa sai ta yamutsa fuska ta ce, "To, wa yak kushe shi?" In ya ce babu, sai ta ce ya kwashe kayansa ya koma, aiki bai ma soma ba. Sababbin zuwa sukan ɗauka mugunta ce. Ba mugunta ba ce. A jikinta ta koyi abin, a Argungu, shekara shida da suka wuce.

Cikin tartsatsin walda Adawiyya ta tashi. Asali shagon na mahaifinta ne, Malam Kalilu, mutumin da in aka ba shi aikin ƙofa sai ya je gidan ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi wa zai riƙa buɗe ta, tsohuwa ce ko majiyi ƙarfi. Wannan hali yana ƙular da 'yarsa. A ganinta ƙofa tsawo ce da faɗi, sauran duk surutu ne. Ga ta kuwa da kai kamar me! Tun daga firamare har ta gama karatun injiniya ba ta taɓa sanin ɗacin zuwa ta biyu ba, kuma, a faɗi gaskiya, ba ta bari a manta da hakan.

Aikinta na shekarar ƙarshe tukunyar gumi ce. Gumi shi ne turara shinkafa da ɓawonta kafin a shanya a kai injin casa, sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa a Argungu. Tukunyar Adawiyya tana cin buhu uku a tashi ɗaya. Ba ta son itace, ɓawon shinkafar da ake zubarwa ya ishe ta wuta. Malamanta suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa, suka ba ta makin da ba su taɓa ba kowa ba. Murna ta hana ta cin abinci ranar. Amma makin bai ishe ta ba. So take ta ga tukunyar tana tururi a hannun masu sana'ar, a daina shaƙar hayaƙi saboda ita.

Sai ta ɗora ta a bayan a-kori-kura zuwa gidan Goggo Baiwa, yayar mahaifinta, inda mata takwas ke haɗuwa kullum suna gumi a tsakar gida ɗaya. Aka yi guɗa. Adawiyya ta tsaya ta yi musu bayani na kusan sa'a guda, har da zane a ƙasa. Matan suna ta gyaɗa kai.

"Madalla, ɗiyata," in ji Goggo Baiwa. "Wagga tukunya ta yi kyau ƙwarai. Ba mu taɓa ganin irinta ba."

Bayan mako uku ta koma da littafinta don ta rubuta sakamako. Ta tarar da tukunyar a inuwa, tsaf, ko baƙin hayaƙi babu a gindinta. Ta ɗaga murfi. Albasa ce cike har baki.

"Ai ba ta barin kaji su taɓa," Goggo ta ce, ko kunya babu. "Kin yi ƙoƙari, Allah shi yi albarka."

Adawiyya ta tambayi matan ɗaya bayan ɗaya abin da ya hana su amfani da ita. Kowacce ta ce lafiya lau, tukunya ba ta da aibi. Wa zai dubi 'yar gida, baƙuwa, mai ilimi, da ta ɗauko kaya tun daga Birni, ya ce mata kayanta ba su yi ba? Ta shiga mota tana huci, ta yi kuka tun daga Argungu har gida, kukan haushi.

Malam Kalilu ya saurare ta yana goge hannu da tsumma, sannan ya fashe da dariya, abin da ya ƙara tunzura ta.

"Baiwa ta yaba? To an gama. Ni da munka tashi ɗaki guda, ban taɓa jin ta yaba abin da taka so ba. Ƙohwar da niy yi mata shekara ashirin, har yau zaginta takai, har yau kuma ita taka buɗewa. Ke, aje littahin nan. Tahi ki zamna."

"In zamna in yi mi, Baba?"

"Ki yi abin da suka yi."

Ta koma ba don ta yarda ba, sai don taurin kai bai bar ta ta haƙura ba. Ta ɗaure zane, ta shiga jiƙa shinkafa da kwasa da shanya. Kwana biyu matan suna ce mata Injiniya, suna ƙwace mata aiki. A na uku suka gaji, Goggo ta aike ta ɗebo ruwa. Hayaƙi ya sa ta hawaye, tafin hannunta ya yi bororo, hira kuma ta dawo yadda take in babu baƙo.

A kwana na biyar abin ya faru. Wata matashiya cikinsu, Asiya, ta yi tuntuɓe da kwarya a ka, shinkafarta kamar cikin hannu biyu ta zube a gefen shanyar Goggo. Nan take mata uku suka durƙusa suna tsincewa ƙwaya-ƙwaya. Adawiyya ta ce a bar ta mana, ai duk shinkafa ce. Suka ɗago suka dube ta kamar ta yi saɓo.

"Dut shinkahwa?" in ji Asiya. "Tau doguwa ta, ta rani, daga Zauro anka kawo ta, ba ta son tururi da yawa. Ta Goggo gajera ta. Kuma masu saye sun san hannun kowa. In anka gauraya, wa za a ce ta yi?"

Adawiyya ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta dubi tsakar gidan kamar yau ta fara ganinsa: shanya takwas, buhu takwas, kowanne an ɗaure bakinsa da ƙyalle mai launi daban. Babu mai buhu uku a cikinsu. Kowacce 'yan kwanoninta take turarawa, da sunanta a kansu. Ita kuma ta kawo musu tukunyar da ba ta aiki sai an zube na kowa wuri ɗaya! Ta saki ihu, ta rungume Asiya har kwaryar ta sake faɗuwa. Goggo ta ce lalle karatu ya taɓa yarinyar nan.

Washegari aka kwashe albasa, tukunya ta koma Nasarawa. Da hannunta Adawiyya ta sa mata wutar walda ta yanke ta, tukunyar da ta ci makin da ba a taɓa ci ba, kuma ko gezau ba ta yi ba. Ta rage tsawonta yadda mace za ta leƙa ba tare da ta taka turmi ba. Ta ƙera kwanduna huɗu na ƙarfe masu huji, kowanne mace ɗaya za ta iya ɗagawa, kowanne da kunnen da za a ɗaura ƙyalle. Wuta ɗaya, tururi ɗaya, amma kowa da nata, kuma mai doguwar shinkafa ta cire tata ta bar ta wasu. Kwana tara suna aikin ita da mahaifinta, tana waƙa, yana ce mata ta yi a hankali kada ta ƙone masa shago.

Wannan karon ba ta yi bayani ba. Ta sauke tukunya a gidan Goggo, ta gaishe su, ta juya. Mako biyun da suka biyo baya sun fi mata kowace jarrabawa tsawo.

Ranar da ta koma, tun daga zaure ta ji ƙamshin gumi. Ta shiga. Gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, ƙyallaye huɗu suna lilo cikin tururi, wasu mata biyu da ba ta sani ba suna zaune da buhunansu suna jiran layi. Goggo Baiwa ta hango ta, ta taso, ko sannu da zuwa babu.

"Ke! Taho nan. Wace irin injiniya ta ke? Dubi yatsana! Wa ka yin mariƙin ƙarhe ga abin wuta bai sa mai itace ba? Murhin ga kuma nauyi kamar kan bijimi. Kwando huɗu, mu takwas, sauran mu ci mi? Tun asuba nika hwama da wagga banzar tukunya taki!"

Adawiyya ta durƙusa a gabanta, dariya da hawaye suna zubo mata tare. Ta laluba jaka ta ciro littafin nan da ta ajiye.

"Ƙara, Goggo," ta ce. "Don Allah ƙara. Sai mi kuma?"