Ƙafar Baba da takardar Yaya Usmanu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Usmanu. Mutane kan tambaye ni ko zafin ya ragu. Ni dai ba zafi nake ji ba. Abin ya fi kama da hannun da aka kwanta a kai, kana ganinsa amma ba ka jinsa.

Yaya yana shekarar ƙarshe a karatun likita lokacin da ya gane cewa cin jarrabawa kaɗai ba ya ba mutum gurbin koyon tiyata. Masu nema sun yi yawa, wurin kaɗan ne, kuma an fi duban wanda ya yi bincike aka buga da sunansa. Shi bai yi nisa wajen neman abin bincike ba. A gidanmu yake, a ƙafar mahaifinmu. Ciwon nan ne da Larabawa ke kira nabit, wanda ke shiga ta sukar ƙaya a gona, ya kumbura ƙafa a hankali har ya ci ƙashi.

Duk hutu sai ya zo da abokin karatunsa Mu'awiya, su hau babur su bi ƙauyukanmu na wajen Dinder. Manomanmu ba sa buɗe wa baƙo ƙafa, amma da Yaya ya gaishe su da Hausa, ya ambaci kakanninsa, sai ka ga ana kwance tsumma. Har tsiya ake yi masa, wai likitan da ba ya kallon fuska. Mu'awiya ya fi shi iya rubutu, shi kuma ya fi iya mutane. Hoton farko da suka ɗauka na ƙafar Baba ne.

Tun a lokacin likitocin Sinja suka ce a yanke ta daga ƙasan gwiwa. Baba ya ƙi. Yaya ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunansa ba, don haka abin da ya ce kawai shi ne, "Yaron ga ya kusa tahassus, ya zama likitan tiyata. Shi za ya yanke." Yaya ya roƙe shi kada ya jira, ya ce masa abin shekaru ne. Baba ya juya masa ƙeya.

Zazzaɓi ya kama Yaya da damina, hanya ta yanke, kafin a samu mota ya cika. Takardar binciken ta fito bayan haka, sunansa a gaba. Da ita Mu'awiya ya samu gurbin. Ban taɓa jin haushinsa ba, ai ya yi wahalarta. Ban kuma yi masa murna ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Ɗaliban yanzu sun fi shi matsuwa, yaƙi ya watsa makarantunsu, kowa na neman sunansa a jikin takarda don ya samu mafita. Da yawa ta waya suke tura tambayoyi, su gama bincike ba su taka ƙauye ba. Ina jin ba zai zarge su ba. Zai dai tambaye su ƙafa nawa suka taɓa da hannu.

Baba kuwa ya ci gaba da ƙi, ciwon na hawa. Ya daina zuwa gona, daga baya masallaci ma ya gagara. Bara Mu'awiya ya zo, ya zama cikakken likitan tiyata. Ya durƙusa ya duba, ya ce yanzu sai dai daga cinya, in an ƙara jinkiri kuma rai ne. Baba ya dube shi.

"Kai da shi kunka rubuta takardar ga?"

"Ni da shi, ya Hajj. Amma shi ne a gaba."

"To halas, shi ke nan. In kun cire, ku kai ta kusa da shi."

Ni na ɗauko ta daga asibiti, a naɗe cikin farin ƙyalle. Na haƙa rami a gefen kabarin Yaya na saka ta. Na tsaya ina jiran hawaye, ba su zo ba, na mayar da ƙasa.

In na auna abin da ya rage na Yaya Usmanu, ba shi da yawa. Akwai takarda da ɗalibai ke ambata ba su san fuskarsa ba, akwai likita guda da ke aiki a gurbin da suka nema tare. Akwai kuma Baba, da ransa, yana dogara sanda. Duk Juma'a yakan ce in kai shi maƙabarta. Ba ya cewa wajen wa. Cewa yake zai je ya duba ƙafarsa.